Yadda ake shirya wa sufeton SIAMS a makarantar coci a Ingila

Ranar da Rabaran ɗinmu ya ce in shiga kwamitin gudanarwa na firamaren da yarana suke a matsayin wakilin coci, abun da su a nan suke ce ma gwamnan makaranta, dariya na yi, sbd gwamna ne ba jiniya ba alawus, sai mitin ɗin dare da shayi mai sanyi. Ban yi wata uku ba hedimistires ta ce mana sunan makarantarmu ya fito a jerin waɗanda SIAMS, hukumar binciken makarantun coci, zata ziyarta a shekarar. Ni kuwa da na taso a Zariya na san me ake nufi da zuwan sufeto, a share fili, a shafa ma duwatsun bakin hanya farar ƙasa, kowa ya wanke yunifom, malami ya kwana yana cike lesin not ɗin da bai rubuta ba tun farkon zango. To da wannan tunanin na shiga mitin, har na kawo shawarar a sake fentin katanga a ƙaro gicciye a kowane aji, matar ta dube ni ta ce ba wanda zai ƙirga gicciye. Tun daga nan na fara koyon abun, kuma tunda yanzu 'yan'uwanmu da yawa sun shigo koyarwa a nan, wasu an jawo su kwamiti kamar ni, wasu kuma iyaye ne kawai da aka turo musu saƙo wai sufeto na son ganin iyaye, bari in jero yadda abun yake tafiya.

Da farko dai ka raba shi da Ofsted a kanka. Ofsted na gwamnati ne, yana duba karatu da tsaron yara da shugabanci a kowace makarantar gwamnati. Shi kuma SIAMS binciken makarantun Angilika da na Metodis ne, yana tsaye kan sashe na 48 na dokar ilimi ta 2005, wadda ta ce duk makarantar gwamnati da ke da addini a asalinta dole a duba sujadarta da koyarwar addininta daban. Katolika suna da nasu masu binciken, Yahudawa suna da nasu, makarantun Musulmi ma haka. Kuma ba ƙaramin abu bane, Cocin Ingila kaɗai yana da makarantu sama da 4,600 da yara wajen miliyan 1, kusan ɗaya cikin huɗu na firamaren ƙasar, tun 1811 da suka kafa ƙungiyarsu ta gina ma 'ya'yan talakawa makarantu suke wannan harka. Kar ka ɗauka irin makarantar mishan mai kuɗin makaranta ce, kyauta ce, gwamnati ke biyan albashi, kuma a wasu unguwannin Bradford ko Birmingham zaka samu makarantar coci da yawancin yaranta Musulmi ne. Wannan ya shafi komai da zan faɗa a ƙasa.

Mataki na farko, san irin makarantarku

Tambayi ofis ko ku VA (voluntary aided) ne ko VC (voluntary controlled) ko akademi, wato makarantar gwamnati da bata ƙarƙashin ƙaramar hukuma, in akademi ce me kuke kafin ku koma. Rabon VA da VC ya samo asali tun dokar ilimi ta 1944. A VA wakilan coci ne suka fi yawa a kwamiti, kwamitin ne ke ɗaukar malamai da tsara ɗaukar ɗalibai, shi ke yanke wace manhajar addini za a bi, kuma shi ke nemo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin manyan gine-gine. A VC ƙaramar hukuma ce ke riƙe da yawancin waɗannan, wakilan coci 'yan tsiraru ne, darasin addini kuma manhajar da yankin ya amince da ita ake bi. Amfanin sanin wannan shine akwai tambaya guda da sufeto zai yi ma VA da ba zai yi ma VC ba, zan zo kanta. A wannan zaman kuma ka nemi abu biyu, rahoton SIAMS na baya, yana shafin makarantar a intanet, da takardar asalin kafa makarantar in tana nan. Rahoton baya yana da abubuwan da aka ce ku gyara, kuma da su za a fara tambayarku. Binciken yana zagayowa kusan duk shekara 5 ne, ofishin ilimi na Cocin Ingila ne ke tsara shi yanzu daga sama, suna fitar da sunayen makarantun da za a je ma a shekarar tun da wuri, ranar ce dai basa faɗa.

Sannan ka sauke kundin tsarin binciken na shekarar da kake ciki ka karanta da kanka, dan suna ɗan taɓa shi lokaci lokaci. Babban canjin a Satumba 2023 aka yi shi. Kafin nan maki ake bayarwa hawa huɗu, daga mafi kyau zuwa wadda ta gaza, to a 2023 aka zubar da makin aka bar hukunci biyu, J1 makaranta tana cika amanar kafuwarta a matsayin makarantar coci, J2 tana da abubuwa masu kyau amma akwai matsalolin da dole shugabanni su gaggauta gyarawa. In ka ji wani tsohon gwamna yana ta maganar yadda za a ci maki mafi girma ka san da tsohon kundi yake aiki.

Mataki na biyu, manufar makaranta, nan ne aikin yake

Kowace makarantar coci ana so ta kasance da manufa tata ta kanta wadda saiwarta ke cikin tauhidin Kirista, yawanci aya ce ko labari daga Littafi Mai Tsarki. Shi kansa Cocin Ingila a takardar manufar iliminsa ta 2016 ya ɗauki Yahaya 10:10, inda Yesu ya ce ya zo domin mutane su sami rai a yalwace, ya rataya mata abu huɗu, hikima, bege, zaman tare da mutunci. Shi yasa zakaga makarantu barkatai sun kwafi wannan ayar sun manna a bajo. Ba laifi bane, amma sufeto zai tambaye ku me yasa wannan ayar, a wannan unguwar, ga waɗannan yaran. Kundin ma da tambayoyi biyu yake buɗewa kafin komai, su waye mu, kuma me muke yi a nan. In amsarku zata zauna daidai a bakin kowace makaranta a ƙasar to baku amsa ba tukun.

Ga yadda muka gwada tamu, kuma ina ganin kowa zai iya. Mun zauna mu biyar muka ɗauko shawarwari uku masu zafi da kwamiti ya yanke a shekara biyu da suka wuce, ɗaya kan kuɗi, ɗaya kan wani yaro da ya kusa kora, ɗaya kan ma'aikaciya da ta daɗe tana jinya, muka tambayi kanmu ko ayar da ke bangonmu ta yi magana a ɗakin lokacin da ake yankewa. Tamu labarin Basamariye ne a Luka 10. A maganar yaron ta yi magana sosai, dan an ƙi korarsa an ɗauko mai taimaka masa duk da kuɗin ya ci mana tuwo a ƙwarya, amma da muka duba bayanan taron babu inda aka rubuta dalili, an ce an amince kawai. A maganar kuɗi kuwa gaskiya ayar bata ko leƙo ba. To kaga abu biyu muka gano, inda muke aikata manufar bama rubutawa, inda kuma bama aikatawa sai mu gyara. Daga ranar muka ce sakatariyar kwamiti ta riƙa rubuta dalili, ba dogon wa'azi ba, layi ɗaya.

Kar ku canza manufa ana saura wata biyu sufeto ya zo. Na ga inda aka so yin haka sbd wai tsohuwar bata da daɗin faɗa, amma sabuwar manufa ba ta da tarihin da zaka nuna, yara basu santa ba, mai shara bai santa ba, gara tsohuwa da kowa ya rayu da ita ko da turancinta bai yi kyau ba. Kuma dan Allah kar a sa yara hadda. Na taɓa tambayar wani ɗan aji huɗu me manufar makarantarsu, ya rero min ita tas kamar karatun allo, na ce to me take nufi, ya ce yana jikin bango. Wata kuma bata iya kawo kalmomin daidai ba amma ta ce shine dalilin da yasa ba a barin sabon yaro ya ci abinci shi kaɗai. Ta biyun sufeto yake nema.

Mataki na uku, bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya

Tambayoyin binciken 7 ne. Ta 1 yadda manufar ke sa yara da manya su bunƙasa, ka lura da manya ɗin nan, malamai da masu dafa abinci da iyaye duk suna ciki. Ta 2 yadda manhajar karatu gaba ɗaya ke nuna manufar, har da lissafi da wasanni da yadda ake kula da yara masu buƙata ta musamman. Ta 3 sujadar kullum. Ta 4 yadda ake riƙe mutane, horo, cin zali, gafara, lafiyar zuciya. Ta 5 adalci da ɗaukar nauyi. Ta 6 ko manhajar darasin addini tana aiki, ta 7 kuma ingancin koyar da shi da ci gaban yara a ciki, ita ce ta VA da waɗanda suka taɓa zama VA. Ku raba su tsakanin 'yan kwamiti, kowa ya ɗauki ɗaya ko biyu, ya shiga makaranta da rana ya gani da idonsa ya yi hira da yara a gaban malami, ya dawo da rabin shafi. Ziyara ɗaya a zango ta isa in dai ana yi da gaske.

Ta 5 ce mutanenmu suka fi kuskure, har ni. Mun saba da cewa in an tara gwangwanayen abinci lokacin bikin godiyar kaka an kai ma mabukata ai an gama. Suna son wannan, amma abun da suke tambaya ya wuce sadaka, shin yaran sun tambayi me yasa maƙwabcinsu yake jin yunwa, shin sun taɓa ganin wani abu ba daidai ba su da kansu suka tashi, ko wasiƙa ce suka rubuta ma ɗan majalisa ko kansila kan motocin da ke gudu a ƙofar makaranta. In malami ne ya zaɓi komai yara suka kawo fam ɗaya ɗaya, sufeto zai gane cikin minti biyar.

A ta 2 kuma akwai maganar ruhaniya, ana so dukkan malamai su kasance da yare ɗaya na bayyana ta. Da yawa suna amfani da misalin taga da madubi da ƙofa, wato yaro ya leƙa duniya ya yi mamaki, ya dubi kansa, sannan ya fita ya aikata wani abu. Ku zaɓi naku, amma malamin kimiyya ma ya iya faɗa, kar a bar ma mai darasin addini ita kaɗai.

Mataki na huɗu, sujada

Doka ce a yi sujadar haɗin gwiwa kowace rana, kuma kowace rana ɗin ake nufi, to fara da duba jadawali, ranar da ake zuwa iyo ko ranar jarrabawa ana yi ko ana tsallakewa. Asambilin raba satifiket da sanarwar wanda ya bar rigar sanyi a fili ba sujada bace, sai in an ware mata lokacinta a ciki. Ƙa'idar cocin ta 2021 ta ce sujadar ta zama mai ɗaukar kowa, mai gayyata ba tilas ba, mai taɓa zuciya. Ni da na saba da sujadar gida inda in baka rufe ido ba dattijo zai harare ka, wannan ya ban wahala da farko, na ɗauka an tsarma abun da ruwa ne. Da na zauna a baya sau da yawa sai na ga ba haka bane, ana kunna kyandir da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ana karanta Littafi, ana bin kalandar coci daga jiran Kirsimeti zuwa azumi zuwa Ista zuwa Fentikos, ana Addu'ar Ubangiji, abun Kirista ne sak. Bambancin shine mai jagora zai ce zan yi addu'a, wanda yake so ta zama tasa ya ce amin, wanda baya so ya yi shiru ya yi tunani. Yarinya Musulma tana zaune ba a sa ta faɗi abun da ya saɓa ma imaninta ba, kuma ba a ɓoye mata cewa nan makarantar coci ce ba.

Ga iyaye Musulmi da ke karanta wannan, doka ta baku damar cire yaronku daga sujada ko darasin addini, ba sai kun kawo dalili ba, kuma sufeton nan bai zo auna ko yaronku ya karɓi Kiristanci ba, in ma ya ji ana matsa ma yaro to makarantar ce zata sha tambaya. In an gayyace ku ganinsa ku je ku faɗi gaskiya, yadda aka yi da yaranku lokacin azumin Ramadan, ko an kula da abincinsu, ko an taɓa tsokanarsu kuma me aka yi. Maganarku tana da nauyi a tambaya ta 4 fiye da duk fayil ɗin da ke ofis.

Abun da kwamiti zai tanada a nan kaɗan ne, tsarin sujada na shekara, shaidar cewa yara suna shiga shiryawa da jagoranta, da shaidar cewa wani yana tambayarsu me suka ɗauka kuma an canza wani abu sbd amsarsu. Mu yara ne suka ce waƙoƙin sun tsufa kuma lokacin shiru ya yi gajere, aka ƙara shi, wannan ɗan labarin ya fi shafi goma amfani.

Mataki na biyar, ƙirga awannin darasin addini

Nan lissafi ne kawai. Takardar haƙƙin ɗalibi da Cocin Ingila ya fitar a 2019 ta ce darasin addini ya nufi kashi 10 cikin ɗari na lokacin karatu, kar ya gaza kashi 5, kuma aƙalla rabinsa ya zama kan Kiristanci, sauran kan wasu addinai da ra'ayoyin marasa addini. Lokacin sujada baya shiga wannan lissafin. Ɗauki jadawalin kowane aji ka ƙirga, sannan ka buɗe littattafan yara ka ga ko abun da ke jadawali ya faru, dan darasin addini ne ake fara yanka in ana shirin wasan Kirsimeti ko jarrabawar aji shida. Duba kuma ko ana nuna Kiristanci a matsayin addinin duniya, in duk hotunan turawa ne a cocin dutse to ga inda kai ɗan Najeriya zaka yi amfani, ni har waƙar Hausa na koya musu. Tambayi mai kula da darasin yaushe ta je horo na ƙarshe a dayosis, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin bishop, kuma wa ke koyar da shi in malamin aji yana hutun shirya darasi. A sakandare ana sa ran duk ɗalibi ya yi kwas mai satifiket a fannin, kamar GCSE.

Mataki na shida, satin da aka kira waya

Sanarwar kusan sati ɗaya ce. Sufeto zai yi doguwar waya da shugaban makaranta, ya karɓi taƙaitaccen bayanin yadda kuka auna kanku da tsarin ci gaban makaranta, ya bi shafinku na intanet, sannan ya turo abubuwan da yake son ya bincika da jadawalin ranar. Bayanin auna kan nan ku rubuta shi tun farkon shekara, shafi biyu ya isa, ku sa rauninku a ciki da abun da kuke yi a kai, dan wanda ya faɗi ciwonsa da kansa ya fi wanda aka bankaɗo. A daren farko wani ya zauna ya gyara shafin intanet, manufa tana nan, dokar sujada da ta darasin addini ba tsofaffi bane. A sanar da Rabaran da mai ba da shawara na dayosis, in akademi ce a sanar da shugabannin rukunin makarantun da take ciki. 'Yan kwamiti su nemi izini a wurin aiki tun yanzu, ni sai da na yi musayar shif. Sauran satin a bar malamai su yi barci.

Ranar kanta

Yawanci kwana ɗaya ne, mutum ɗaya. Zai zauna a sujada, ya zaga azuzuwa da filin wasa, ya duba littattafan darasin addini tare da mai kula da shi, ya gana da yara, malamai, iyaye, limamin coci da ku 'yan kwamiti. Ganawarku bata da tsawo sosai, to kar mutum ɗaya ya cinye ta da tarihin ginin. Duk tambayar da ya yi ka ba shi labari na gaske, me aka yi, me yasa, me ya canza ga wane irin yaro, ba tare da kiran suna ba. Zai yawaita cewa ta yaya kuka sani, amsar kuma ita ce ziyarce-ziyarcen nan naku da bayanan taro. In baka san abu ba ka ce wance ce ta sani, kar ka ƙirƙira, dan duk abun da ka faɗa zai je ya gwada shi a bakin yara da mai aikin kicin. Kuma kar a ɓoye yaro mai rigima a ofis ranar, yadda ake bi da shi ɗin shine shaidar.

Da yamma zai tara shugabanni ya faɗi abun da ya gani da hukuncinsa, amma na wucin gadi ne kuma sirri ne har rahoto ya fito, kar ka kai shi guruf ɗin WhatsApp na iyaye ko na zumunta komai daɗinsa. Shugaban makaranta zai ga daftarin ya gyara kuskuren suna ko lamba, ba hukunci ba. Rahoton gajere ne, ƙarfin makaranta, abubuwan da za a inganta, sai bayani. In ya fito a tura ma iyaye a ɗora a shafi, a mitin na gaba kuma a ɗauki abubuwan ingantawan a saka su cikin tsarin ci gaban makaranta, kowanne da sunan wanda zai bi shi da watan da zai kawo bayani. In J2 aka samu a kira dayosis a satin, suna da mutanen da aikinsu kenan. Namu abu biyu aka ce mu gyara, ɗaya kan yaren ruhaniyar nan ne, kuma ni aka danƙa ma shi.